Ɗan Lidon da ke Ƙarƙashin Kabad

Valdirene mai sayar da tikiti ce a tashar mota ta Belo Horizonte, kuma duk wanda ya taɓa zuwa tagarta a makare ya san halinta: motar da ta tashi ta tashi, in kuka za ka yi ka matsa gefe ka yi abinka. Wannan halin ta kwaso ta kawo teburin kicin ɗinta, inda take jan wasa duk Lahadi bayan abincin rana, yau shekara goma sha tara. Ita ke ƙirƙiro duniyar wasan da baki, da dodanninta da matsafanta, sauran kuma kowa ya riƙi jarumi ɗaya ya faɗi abin da zai yi. In abin da haɗari, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Ashirin sa'a ce, ɗaya kuwa sai dai a yi wa mutum jaje. Duk abin da ya faru tana rubuta shi a littafi da biro, don kada wani ya zo gobe da gardama.

Shi ya sa ranar da ta ce jaruman sun tsinci wata ƙofa a gindin tsohuwar hasumiya, mai mayar da mutum zamanin baya, ƙawarta Osmarina ta ajiye gahawarta ta taɓa mata goshi.

"Ke lafiyarki kuwa? Ke da ko minti biyu ba kya yafe wa mutum?"

Genivaldo mai aski bai tsaya tambaya ba. Cikin Lahadi uku ya hargitsa duniyar kaf. Ya koma baya ya sace jaririn da zai girma ya zama mugun sarki, ya rasa yadda zai yi da shi, ya ƙare yana bin ƙauyuka neman nonon akuya. Osmarina ita kuma ta je ta samu jarumarta tun tana budurwa, wai za ta ja mata kunne a kan maza. Valdirene ta ce to, sai dai Osmarina ta yi muryoyin biyu da bakinta. Ka ga mace mai shekara hamsin tana cacar baki da kanta a kicin, har ta yi zuciya ta daina yi wa kanta magana. Genivaldo ya yi dariya sai da burodin cuku ya sarƙe shi.

Doka ɗaya Valdirene ta kafa wa ƙofar. Ku je duk inda kuka so, ku taɓa abin da kuka ga dama, amma abin da ɗan lido ya yanke a gaban idon kowa ya yanku. Saboda haka jaririn nan ya girma ya zama mugun sarkin dai, illa yanzu Genivaldo ne ya rene shi, har dariyarsa ya gado.

Sai dai ba don su ta gina ƙofar ba. Don ƙanenta Jurandir ta gina ta.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Jurandir na wannan teburin da jaruminsa, wani wada mai gatari, Gumercindo. Wadan na tsakiyar gadar igiya, dodo na hura wuta, aka ce Jurandir ya jefa ɗan lido. Ɗan lidon ya yi tsalle ya faɗi ƙasa ya shige ƙarƙashin kabad ɗin mahaifiyarsu, wanda tun da aka shigo da shi gidan ba a taɓa motsa shi ba. A kowane teburi an san ɗan lidon da ya faɗi ƙasa ba ya ƙirguwa, sakewa ake yi. Amma ranar Valdirene a cike take da Jurandir. Ta durƙusa ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu da ƙura, ta miƙe ta ce, "Ɗaya." Ta rubuta da biro cewa Gumercindo ya faɗa rami.

Jurandir ya ninke takardar da aka rubuta bayanin jaruminsa ya fita. Tun daga ranar yakan zo Kirsimeti, yakan gyara mata famfo, amma Lahadi ko da wasa. Kujerarsa ta zama wurin ajiye kwandon albasa. Abin na cin Valdirene a rai, kuma baƙin taurin kai ya hana ta buɗe baki.

Ranar Alhamis ta buga masa waya. "Jura, zo Lahadi ka kama mini kabad ɗin Mama, ina so in share bayansa."

Ya zo da safar hannun aikinsa, ya tarar da mutane zaune, ga littafi a buɗe.

"Yaya, wannan ai tarko ne."

"Tarko ne. Tsaya nan ka ji." Ta gyara murya. "Ƙofa ta buɗe. Kuna bakin gadar igiya, shekara goma sha ɗaya baya. Ga wada can a tsakiya, ƙafa ɗaya a sama. Ɗan lidonsa babu wanda ya gan shi, yana nan inda ya faɗi. Jura, kama can."

Su huɗu suka taru a kan kabad, faranti na ƙara a ciki, Osmarina na ba da umarni ba ta ɗaga komai, Genivaldo na rantsuwa ƙugunsa ya tafi. Da ƙyar ya gusa. Ga cokali biyu, ga murafan kwalba, ga wani kyankyaso da ya daɗe da rasuwa. Ga kuma ɗan lidon, ya yi gashin ƙura. Suka haɗa kai a kansa, Jurandir ya hure shi a hankali.

Ɗaya.

"Ja'ira," in ji Osmarina ƙasa-ƙasa, "ashe da gaskiyarki."

Wata uku Valdirene tana addu'ar ya zama babbar lamba, ta samu hanyar ba da haƙuri ba tare da ta faɗa da baki ba. Jurandir ya soma cire safar hannu yana kallon ƙofar fita. Sai ta sunkuya ta ɗauki ɗan lidon ta goge a rigarta.

"Na ƙasa ba ya ƙirguwa. Ranar ma na sani. Ban ga komai ba, haushinka nake ji, don ka ce dodona muryar Gwaggo Zilda gare shi."

"Ai muryarta ce."

"Muryarta ce. Ka yi haƙuri. Ungo, jefa."

Jurandir ya karɓi ɗan lidon. Sannan ya zaro walat, ya fito da wata takarda da ta yi laushi kamar tsumma, ya warware ta. Gumercindo ne, da gatarinsa da komai. Ya sauke kwandon albasa ya zauna. Osmarina ta yi maza ta kewaye teburin da kofuna da kwanon burodi, don kada tsinannen abin ya sake tserewa. Jurandir ya girgiza, ya hura, ya sumbaci hannunsa, ya saki. Ɗan lidon ya gangara, ya bugi kwano, ya tsaya a tsakiyar tebur.

Ɗaya.

Genivaldo ya toshe baki, dariyar ta ɓalle masa ta hanci. Shi ke nan. Osmarina ta zame daga kujera tana dukan ƙasa. Jurandir ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"An tsaga zamani," ya ce da ƙyar, "an ɗaga kabad ɗin Mama, wadan banzan nan ya sake faɗawa ramin."

Valdirene kaɗai ba ta yi dariya ba. Biro na hannunta ta kasa kai shi kan littafi, tsoro take ji kada ya miƙe ya tafi.

"Rubuta mana, Yaya. Wannan karon kowa ya gani." Ya share ido, ya ninke Gumercindo ya mayar walat, ya jawo kwanon burodi gabansa. "Miƙo mini farar takarda da fensir in yi sabon jarumi. Albasar nan kuma ki nema mata wani wurin."