Ba Ari Dillalin Mota da Kafin Alƙalamin Suhaib

Sunansa Ari. Kakansa ya zo daga Borno da fataucin kanwa ya zauna a garin Balan, shi ya sa har yau ake ce masa Ba Ari, yadda Barebari ke kiran dattijonsu. Bai yi boko ba. Yana da shekara goma sha huɗu ya fara bin babbar mota, daga baya ya zama direba, ya yi shekara ashirin da biyu yana ɗaukar gero da gyaɗa daga Ajingi zuwa Dawanau. Da yanar ido ta rufe masa idon hagu, ba wanda ya ce ya ajiye tuƙi, shi ya miƙa mukulli da kansa. Ya koma dillanci a filin motocin Alhaji Kamalu, a bakin titi kafin a shiga Gaya. Shekararsa goma sha tara a wurin lokacin da wannan magana ta haɗa mu.

Ni ma'aikacin gona ne na ƙaramar hukuma, na yi ritaya. Ɗana Suhaib ya rasu a watan Rajab na bara, bayan zazzaɓi na kwana huɗu, yana da shekara ashirin da tara. Ya bar matarsa Kamila da 'ya mai shekara biyu.

Bayan kwana arba'in Kamila ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, don haka a bakin ƙofa na tsaya, ita tana bayan labule.

"Baba, akwai maganar kuɗin mota."

Ban san da wata mota ba. Ta ce Suhaib ya ga wata ƙaramar bas a filin Alhaji Kamalu, yana so ya sa ta jigilar fasinja daga Ajingi zuwa Kano. An yi ciniki miliyan huɗu da rabi. Ya ba da kafin alƙalami miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, a kan zai cika sauran cikin kwana talatin. Kuɗin na shanu biyu ne da ita ta gada wurin mahaifinta, ba ta da wani abu bayan su. Ya ɓoye mini ne don yana so sai motar ta tsaya a ƙofar gida in gani.

Na ce, "Takarda fa?"

"Ya ce Alhaji sa'anku ne, sahu ɗaya kuke salla. Ya ji nauyin ya ce a rubuta masa."

Ni na koya wa yaron nan ajiye rasit ko na buhun taki ne. Ni kuma na koya masa cewa ba a nuna wa babba ana shakkar maganarsa. Ranar da biyun suka haɗu, na biyun ya ɗauka.

Washegari na je filin. Alhaji Kamalu ya tashi ya tarbe ni, ya sake yi mini ta'aziyya, ya sa aka kawo ruwa. Bai musa karɓar kuɗin ba.

"Amma Malam, wa'adi kwana talatin ne. Na tsare masa mota har wa'adi ya cika, masu saye uku na kora. A sana'ar nan in mai saye ya fasa, kafin alƙalami ya zama na mai kaya."

"Bai fasa ba, Alhaji. Rasuwa ya yi."

"Allah ya jiƙansa. To amma magada ba su zo ba." Ya waiwaya wajen wani dattijo da ke kan benci. "Ba Ari, a gabanka aka yi. Ba haka ba ne?"

Dattijon bai ɗago kai ba. Ya ce, "Kwana talatin aka ce, Alhaji."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Da na koma gida na buga wa Surayya waya, 'yar ƙanwata, lauya ce a Kano. Ta ce, "Kawu, abu biyu za a duba. Na ɗaya, an faɗa masa tun farko cewa kuɗin ba ya dawowa? Na biyu, shi mai motar ya tsare ta har ƙarshen wa'adi? In ya sayar kafin wa'adi, shi ya fara warware alkawari, ba shi da hujjar riƙe ko kwabo. Kana iya kai kuka hukumar kare haƙƙin masu saye, ko kotu. Amma duk inda ka je za a tambaye ka takarda ko shaida."

Takarda babu. Sai na tuna amsar dattijon nan. An tambaye shi ko haka aka yi, shi kuma ya faɗi abin da aka ce.

Na sami Ba Ari a gidansa bayan la'asar. A zaurensa akwai galan uku a rataye jikin ƙusa. Kowa ya san motar sayarwa ana ɗora mata galan wanda ba komai a ciki a kan rufi, don mai wucewa ya gane. Abin da ban sani ba shi ne yadda Ba Ari ke aiki. In aka ba da kafin alƙalami a gabansa, shi da hannunsa yake sauke galan ɗin, ya rubuta sunan mai saye da ranar da ajami, ya tafi da shi gida. Ba ya mayar da shi sai an cika kuɗi ko wa'adi ya ƙare. Ya ce haka ba wanda zai ga motar da aka yi wa alkawari ya tsaya taya ta.

Ina karanta ajami. A jikin na tsakiya an rubuta Suhaib Isyaku, Litinin, biyu ga Rajab. Na nuna masa shi da yatsa.

"Wannan galan me ya hana shi komawa kan motar?"

"Ba a jira shi ba, Malam."

Ya ba ni labarin, kansa a sunkuye. Ranar sadakar uku, suna dawowa daga gidana, Alhaji ya ce ya kawo galan. Ba Ari ya ce masa saura kwana goma sha bakwai. Alhaji ya ɗauko galan ɗin baƙin mai ya ɗora da kansa. Bayan kwana uku wani direba daga Ajingi ya sayi motar da ƙarin dubu ɗari uku.

Na ce, "Za ka faɗi wannan a gaban ƙungiyarku ta masu sayar da motoci?"



"Mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a gidan nan, Malam. Ido ɗaya gare ni, shekarata sittin da wani abu. In na bar wurin Alhaji wa zai ɗauke ni?"

 Fanshona ba zai riƙe gidansa ba, kuma ba zan yi masa alkawarin ƙarya ba. Na yi masa sallama na fito.

Ranar kasuwa na tafi Ajingi na sami motar a tasha, ana loda mata fasinja. Na roƙi direban ya nuna mini takardar ciniki in ga kwanan wata. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba na shiga rigimar manya." Ya rufe ƙofa ya ja motarsa. Saura Ba Ari kaɗai, shi kuma bai ce zai zo ba.

Duk da haka na kai ƙara wurin ƙungiyar masu sayar da motoci, na kuma rubuta takardar kuka zuwa Kano na sa a aljihu. Aka sa zama ranar Asabar da hantsi, a rumfar ƙungiya. Shugabansu wani Bafillace ne mai yawan raha, Ciyaman kawai ake ce masa. Mutum kamar goma sha biyar suka zauna. Na duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, babu Ba Ari.

Alhaji Kamalu ya maimaita maganarsa, har da masu saye ukun da ya kora. Ciyaman ya tambaye ni shaida. Na ce ina da ita amma ba ta zo ba. Wani ya yi ƙaramar dariya a baya. Ciyaman ya gyara zama ya ce tunda akwai marainiya a ciki, yana roƙon Alhaji ya ba da dubu ɗari biyu sadaka, a rufe magana. Alhaji ya ce don Allah zai yi. Duk suka juyo suna jiran in yi godiya. Ina lissafin yadda zan tsaya a bakin labulen nan in gaya wa Kamila shanunta biyu sun koma sadaka, sai aka ji ƙarar birkin keke.

Ba Ari ne, galan a ɗaure a bayan keken.

Ciyaman ya ce, "Kai Babarbare, man gyaɗa ka kawo mana talla?"

"Bafillace da sai nono ya sani, ina ka san mai? Karɓi ka karanta, in an koya maka karatu a ruga."

Aka yi dariya, ban da Alhaji. Ciyaman ya karɓa ya karanta a bayyane. Daga nan ba wanda ya ƙara dariya, don kowa a rumfar ya san abin da galan a hannun Ba Ari ke nufi.

Ciyaman ya ce, "Me ya sa yake wurinka har yau?"

"Don motar ta bar fili saura kwana goma sha huɗu wa'adi ya cika. Kuma ranar ciniki ba wanda ya ce wa yaron kuɗinsa ba zai dawo ba. Ina tsaye."

Alhaji ya dube shi. Bai ɗaga murya ba. "Ari. Shekara goma sha tara."

"Da wata huɗu, Alhaji."

Ciyaman ya ce abin mai sauƙi ne, ko Alhaji ya aika a ɗauko littafinsa a duba ranar da ya sayar, ko a kira direban Ajingi da sunan ƙungiya. Alhaji ya jujjuya carbinsa. Na dafa takardar kukan da ke aljihuna. Can ya ce ba sai an kira kowa ba, zai mayar, amma kashi biyu. Na ce a rubuta, da ranaku, shi da Ciyaman su sa hannu. Wannan karon ban ji nauyin kowa ba.

Ya biya, rabi a farkon azumi, rabi bayan ƙaramar salla. Na kai wa Kamila ko naira ba ta yi ciwon kai ba.

Ba a kori Ba Ari da baki ba. Ya je ranar Litinin ya tarar an ɗauke bencinsa, kuma duk wanda ya zo taya mota sai a haɗa shi da wani. Ya yi sati ɗaya yana tsayuwa a rana, sannan ya daina zuwa. Sauran masu filaye sun yaba masa a rumfa, amma ba wanda ya kira shi. Yanzu kamasho yake yi a tashar Ajingi, yana kiran fasinja, abin da yake samu bai kai rabin na da ba.

Da Kamila ta fita takaba ta ba ni dubu hamsin in kai masa. Na same shi a gindin wata bas, na ja shi gefe na miƙa. Ya tambayi ko na mene ne. Na ce daga matar Suhaib, ta ce la'adarsa ce.

Ya mayar mini da hannuna.

"Ciniki bai faɗa ba, Malam, ina la'ada? Ka ce wa 'yar nan ta haɗa ta sayi ɗan maraƙi."

Direban ya danna oda. Ba Ari ya juya, ya daki jikin motar da tafin hannu, ya ɗaga murya: "Kano, saura mutum biyu!"