Gwiwar da Ba Ta Zauna wa Gidaɗo Ba

Shekara goma sha tara Gidaɗo, Allah ya jiƙansa, ya yi a Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa, yana zaɓar wa 'yan kasuwar Kano kayan gyaran mota. Ƙarfe ba ya shiga kwantena sai ya auna shi da hannunsa.

"Alhaji, in bai zauna a nan ba, a Kano ma ba zai zauna ba," haka yake ce wa masu gaggawa.

Yawan tsuguno a tsakanin injuna ya cinye masa gwiwar dama. Aka yi masa aiki, aka sa ta ƙarfe, amma ta ƙi lanƙwasuwa. Hoton asibiti ya nuna bakin ƙarfen ya ɗan zarce ƙashinsa, yana gugar jijiya. Daga nan sallarsa ta koma kan farar kujerar roba a ƙarshen sahu. Ciwon bai taɓa sa shi kuka ba, sai rashin sujada.

Wata rana Liu, ɗan Chinan da ke sayar da birki a shagon gefe, ya ce mahaifiyarsa ma ta sha wannan wahalar, sai da aka sa mata wadda aka ƙera da awon ƙashin mutanensu.

Gidaɗo ya dubi amininsa Sharfuddeen. "Ka ji? Mu wa ya auna namu? Kayan wata motar aka ɗaura mini."

"Ai kai tsohon yayi ne, an daina yin kayanka."

Gidaɗo ya yi dariya har da riƙe gwiwa.

Likita ya sa ranar sake aiki bayan Babbar Sallah. Kafin nan zuciya ta fara ba shi matsala, aka ɗage, aka sake ɗagewa. Gidaɗo ya gane aikin nan ba zai yiwu ba.

Wata la'asar ya ture kujerar gefe. Da liman ya tafi sujada ya bi shi a hankali, ƙafar dama a miƙe, har goshinsa ya taɓa darduma. Aka sallame bai iya tashi ba. Sharfuddeen ya tallafo shi, gumi ya jiƙe masa riga.

"Ka kashe kanka, Gidaɗo."

"Bar ni, ɗan'uwa. Na kai."

Bai ƙara takawa masallaci ba. Kwana ashirin da uku bayan nan ya rasu. Sharfuddeen ne ya yi masa wanka, ya daɗe tafinsa na kan tabon ɗinkin. Kujerar tana nan a ƙarshen sahu. Shi yake kakkaɓe mata ƙura.