Kwalba Mai Jan Murfi

Baba Gimba mijin gwaggona ne, kuma ban taɓa ganin namiji mai tsoron ruwa kamarsa ba. Ba wanka nake nufi ba, wannan kam yana yi. Ruwan da ya canza launi yake tsoro.

Yana ɗan shekara goma sha takwas ya dawo Fatakwal bayan yaƙin basasa, ya tarar da ɗakin mahaifinsa na Mile 2 Diobu da wasu mutane a ciki. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa gari, kowa na gini, shi kuwa ya kama ga-ruwa yana kai wa magina. A shekarun nan ne bututun mai ya fashe a wani rafi da yake zuwa sayen kifi. Ya ga kifi sun taso ciki a sama, ya ga matan da suke sayar masa zaune a bakin ruwa hannu rabbana. Wannan labari mun ji shi har mun haddace.

Da ƙarfinsa ya ƙare, Dokta Haulatu, 'yar unguwarmu da ta yi karatu mai zurfi, ta samar masa aikin wanke kwalabe a ɗakin bincikenta. Gansakukar teku suke reno a can, irin ƙananan nan da ido ba ya gani sai sun taru sun mai da ruwa kore. Sun taɓa ƙwayoyin halittarta don ta riƙa yin mai da yawa, irin man kifi mai gyara zuciya. Baba bai taɓa sakin jiki da abin ba, amma ya riƙe doka guda. Kwalba mai jan murfi ita ce wadda aka canza wa halitta, kuma ba a zubar da ruwanta sai an dafa shi a tukunyar tururi abin da ke ciki ya mutu.

Wata Juma'a aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, tukunyar tururi ba ta aiki, ga kwalba ɗaya mai jan murfi ta rage masa. Ga ladan ya fara kira, shi kuma shekara arba'in huɗuba ba ta wuce shi ba. Da ya ajiye ta a tebur da shi ke nan. To, Baba irin mutanen nan ne da ba sa iya barin abu da dauɗa su fita. Ya tsiyaye ta a kwatar bayan gini, ya ɗauraye, ya tare keke.

Ran Litinin ya leƙa kwatar, ya gan ta kore shar. Ni dai ban san kwatar da ba kore ba a garin nan, amma shi nan take ya ɗauka gansakukar ce ta kama. Ya dinga karɓo tafasasshen ruwa wajen mai shayi yana kwarara wa kwata buta bayan buta. Ya daina cin abinci, ya hana gwaggo sayen kifi, in an yi sallama sai ya zabura. Gwaggo ta ɗauka ciwo ne, ta turo ni in lallaɓa shi.

Da ya gaya mini, raina ya ɓaci, na manta da girmansa na ce kwana uku yana wasa da buta alhali mai ilimin abin tana nan. Ya ce ba kora yake tsoro ba. Tsoronsa a wayi gari rafi ya lalace, a ce Gimba ne ya yi. Sai tausayinsa ya kama ni, ni ma tsoron ya shige ni.

Ran Alhamis da hantsi na raka shi. Dokta ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Mai jan murfi, Baba?"

"Mai ja."

Sai ta ce kada ya tayar da hankalinsa, abin na teku ne, in babu gishiri ba ya daɗewa. Ta ɗauki kwalabe ta ce mu je ta ɗebi ruwan kwatar ta auna.

An yi ruwan sama da safen nan. Muka tarar da kwata tas, har siminti ake gani. Dokta ta tambayi inda take zubewa. Baba, wanda ya san hanyar kowane ruwa a unguwar, ya wuce gaba muka bi shi har bakin rafi. Ta tsoma yatsa ta kai baki, na ga fuskarta ta canza, domin ruwan akwai gishiri.

"Za ta rayu a nan, 'yata?"

"Ban sani ba, Baba. Sai na auna, kuma zai ɗauki mako biyu."

Ta durƙusa tana cika kwalabenta. Can ƙasa kaɗan yara suna ninƙaya, suna fesa wa juna ruwa da baki. Baba ya ɗaga hannu zai kira su, ya rasa abin da zai ce musu.