Kwamfutocin da Ba Su da Babba

Bayan na gama sakandare na kama aiki a wani shagon intanet a Aliero. Kwamfuta shida ne, duk a haɗe da wani ƙaramin akwati mai ƙyafta fitilu. Ni na manna musu lamba, kuma a raina ta ɗaya ce babba, tunda ita ke kusa da akwatin. Duk mai furfurar da ya shigo, nan nake zaunar da shi.

Ranar da za a rufe rajistar jarabawar shiga jami'a, kawuna ya zo daga Sabiyal da 'yarsa, ƙafarsa duk laka daga gonar albasa. In fom ɗinta bai shiga ranar ba, sai baɗi. Wani ɗalibi na kan ta ɗaya, na ce masa, "Malam, tashi." Ya koma ta biyar yana gunaguni.

Muka cike fom, na danna, ta tsaya tana juyi. Ɗalibin kuwa ya gama nasa har da yi mini murmushi. Na ja yarinyar muka koma ta biyar, muka sake cikewa tun daga farko. Ita ma ta cije. Na waiga, ga ta ɗaya tana gudu a hannun wani. Sau huɗu muna ƙaura.

Na kira mai gyaranmu a waya na ce, "Wacce ce babbarsu? Faɗa mini kawai."

Ya ce, "Ba su da babba. Su ke raba layin intanet ɗin tsakaninsu, gwargwadon buƙatar kowace."

"Wa ke rabawa?"

"Su."

"Su wa? Akwai mai ba da umarni dai!"

Ya yi dariya, na kashe wayar. Gida shida ba mai gida, kuma a ce ana rabo? Ko mahauta suna da sarkin fawa.

Kawu bai san ko harafi ɗaya na abin ba. Ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyata, mi kika yi haka? In kina juya ruwa kowane lokaci a gona, ba fangalin albasar da ka cika. Bar shi wuri guda."

Na ce, "Kawu, wannan ba albasa ba ce."

"Awo. Zamna dai."

Na zauna, hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada in taɓa komai. Yarinyar na ta murza bakin hijabinta. Ana kiran la'asar mutum biyu suka tashi, fitilun akwatin suka sauya ƙyaftawa, fom ya wuce.

Kawu ya koma ƙauye yana cewa na iya injin. Ban iya ba. Ban sani ba ko jiran ne ya yi aiki, ko tashin mutanen nan, ko kuwa su kwamfutocin ne suka ga layi ya zo kanmu. Washegari na ɓanɓare lambobin. Da wani dattijo ya tambaye ni inda zai zauna, sai na nuna masa duka shidan.