Takalmin da Aka Ajiye Sai Ranar Manya

Da ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar wata Laraba cikin damina, Kawu ya kwance ƙunshin a tsakar gidansa da ke Argungu. Mu huɗu ne a wurin: shi Kawu, yayan mahaifiyata, matarsa, wadda muke kira Inna, ɗansa na fari, wato taubashina, sai ni. Na san lokacin domin ni kaɗai ke da agogo a gidan. Da takardar siminti ta buɗe, ƙamshin sabuwar fata ya tashi har ya danne ƙaurin kifin da ke kan banda. Takalmin ƙwallo ne, baƙi, da farin zane a gefe da haƙora a ƙasa. Inna ta goge hannunta da zane kafin ta taɓa shi, kuma da yatsa ɗaya ta taɓa.

Bari in gaya maka yadda aka zo nan, daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Ni ɗan Birnin Kebbi ne. An kai ni Argungu wurin Kawu don in yi sakandare tare da ɗansa, aji ɗaya, tabarma ɗaya. Da yake tsakaninmu akwai wasan taubasantaka, ba mu kiran juna da suna. Shi yana ce mini Hedimasta, saboda ina linke rigata kafin in kwanta, kuma ba na makara. Ni ina ce masa Tarwaɗa, saboda in ya ɗauki ƙwallo ba ya kamuwa. Mu biyu muna buga wa makarantarmu ƙwallo. Ni ɗan baya ne, kuma ba don iyawa aka ba ni kyaftin ba, sai don ina tara yara a kan lokaci. Shi kuwa lamba tara ne. A kan rairayin bakin gulbi ya koyi ƙwallo, ƙafa ba takalmi, bayan shi da Kawu sun fito daga su, wato kamun kifi. Tafin ƙafarsa faɗi gare shi kamar faifai, yatsun a warwatse. In ya buga da ita sai ka ji ƙarar daga bakin hanya.

A aji kuwa ba shi da ƙarfi. Da asuba yana cikin jirgi da Kawu, kafin a shiga darasi na biyu barci ya kama shi. Shi ya sani, ni na sani, sakamakonsa ba zai kai shi gaba da sakandare ba.

Ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba a lokacin. Kome sabo ne, kome ana nema, har 'yan ƙwallo. Gab da dogon hutu malamin wasanni ya kira mu biyu ya ba mu takarda. Za a yi sansanin horo na kwana shida a Birnin Kebbi, na 'yan sakandare. Kwana biyar na horo ne. A rana ta shida masu horarwa daga manyan makarantu za su zo su kalli wasa, wanda suka zaɓa su ba shi gurbin karatu da wurin kwana. Ajin ƙarshe za mu shiga, saboda haka wannan ce kaɗai damarmu. A ƙasan takardar an rubuta cewa ranar zaɓe ba mai shiga fili sai da takalmin ƙwallo.

Ni babana ya aro mini wani tsohon takalmi wurin ɗan maƙwabcinmu, duk ya sha ɗinki. Kawu kuwa ya ce ɗansa ba zai tsaya gaban manya da abin aro ba. Birgi biyu gare shi, wato tarun jifa na kamun kifi. Ya sayar da mai kyan, ya sa taubashina ya taka ƙasa, ya auna sawun da sillen kara daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya karya, ya sa a aljihu, ya hau mota zuwa Sakkwato. Kara tsawo yake aunawa, ba ya auna faɗi. Babu wanda ya yi tunanin haka a cikinmu.

To, ran nan a tsakar gida Kawu ya yarda a gwada ƙafa ɗaya, a kan tabarma, don kada ƙasan ya yi datti. Ta shiga da ƙyar, amma ta shiga. Aka cire, aka mayar a takarda, aka sa cikin akwatin ƙarfe na taubashina, aka kulle. Sai Kawu ya miƙo mini makullin.

Ya ce, "Wanga takalmi ba na yawo ba ne. Ranar da manya za su taho, ran nan za ya sa shi, su gan shi tsaf. Kai, ɗan ƙanwata, riƙe. Na san ka, ba ka ƙetare magana."

Kada ka ga laifinsa. Haka muka tashi muka ga ana yi. Rigar Salla ba ta fita daga adaka sai safiyar idi. Sabon abu ana ɓoye shi ne har ranar da za a gan shi. Kawu bai taɓa sa takalmi rufaffe ba a rayuwarsa. Ni kuma na ji daɗin yabon da ya yi mini. Na zura makullin a zare na rataya a wuya.

Sansanin a wata makarantar kwana aka yi shi, a bayan gari. Muna kwana cikin azuzuwa, da safe koko da ƙosai, sai gudu, sai ƙwallo har rana ta take. Ruwan sama yana sauka kusan kowace rana, ciyawar filin ta yi tsawo, sauro kuma ba a magana. A kwanakin horo an bar kowa ya buga da abin da yake da shi. Taubashina ya buga da ƙafarsa. Kafin la'asar ta rana ta farko, yaran da suka zo daga Yawuri da Zuru duk sun san shi. Kocin da ke horar da mu, wani dattijo mai furfura a gemu, yakan tsayar da wasa ya ce a dubi yadda yaron Argungu ke karɓar ƙwallo.

Sau uku ya roƙe ni makullin.

Na farko a rana ta biyu ne, cikin wasa. Ya ce Hedimasta ya buɗe ofis a ga ko ɓera bai ci kayan gwamnati ba. Na ce kayan gwamnati suna nan lafiya.

Na biyu a rana ta huɗu. Wani yaro ɗan cikin Birnin Kebbi, wanda ya daɗe yana buga ƙwallo da takalmi, ya ji labari ya same mu. Ya ce sabon takalmi ba a shiga wasa da shi haka nan. A tsoma shi a ruwa, a shafe shi da man kaɗe, a sa shi da danshinsa a yi ta yawo har ya san ƙafar mai shi. Ni da na ji an ce a tsoma sabuwar fata a ruwa, sai na ɗauka hassada ce. Shi ma lamba tara yake nema. Na gaya masa mun gode, ya kama gabansa. Taubashina ya dube ni ya ce wataƙila fa gaskiya yaron ya faɗa. Na ce da Kawu da yaron nan, wa ya girma?

Na uku jajibirin ranar ne, bayan sallar la'asar. Wannan karon babu wasa a muryarsa. Ya ce, "Ka buɗe mini in zagaya fili da shi ko sau guda. Wa za ya gaya ma Baba?" Na ce ba sai an gaya masa ba, Allah yana gani, kuma amana aka ba ni. Da ya so, da hannu ɗaya zai tsinke zaren, don ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Bai yi ba. Shi ma ɗan gidan ne.

Ranar ta zo. Ƙarfe tara da rabi na buɗe akwatin. Baƙin suna zaune ƙarƙashin rumfa, su biyar, kowa da takarda a kan cinya. Ba su ga kome na kwana biyar ɗin nan ba, abin da za su gani a ranar shi ne kaɗai abin da za su sani. Taubashina ya sa safa, ya sa takalmin, ya ɗaure. Da ya miƙe sai yara suka yi ta tsokanarsa, ango, ango. Ya yi kyau ƙwarai. Na ji alfahari, har na ce a raina na cika aikina.

Minti goma na farko ban lura da kome ba. Daga nan na ga yana taka ƙasa da gefen ƙafa. Ƙwallo ta zo masa, ta buge takalmin ta yi gaba, abin da ban taɓa gani ba. Ta sake zuwa, ta sake tafiya. Akwai wata ƙwallo da muka saba: in na tare a baya, sai in ɗaga ta bisa kan ɗan bayansu na hagu, shi kuma ya riga ya tashi. Mun yi ta a Argungu har ba ma duban juna. Na samu dama na ɗaga, ta sauka daidai inda take sauka. Ya tashi, taki huɗu, biyar, sai ya rage gudu kamar wanda ya taka ƙaya. Gola ya fito a hankali ya ɗauke abinsa. Na ga ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuya ya yi rubutu.

Ya durƙusa zai kwance igiyar, alƙalin wasa ya ce in ya cire sai dai ya fita. Ya mayar ya ɗaure. Kafin a tafi hutun rabin lokaci aka canja shi da yaron nan ɗan birni.

Na same shi a bayan raga. Safar ta manne da fata, sai da muka zuba ruwa. Dunduniyoyin biyu sun saɓule, gefen ƙananan yatsun ya yi bororo ya fashe. Tsohon kocin ya zo ya duba ƙafar, ya ɗauki takalmin ya lanƙwasa, ya ji taurinsa. Ya tambaya tun yaushe ake sa shi. Na ce yau. Ya dube ni, ya dubi zaren da ke wuyana, ya tafi rumfar baƙin. Na hango shi yana magana yana nuna mu. Suka saurare shi cikin ladabi, suka girgiza kai. Da aka kira sunaye, babu nasa. Babu nawa ma, amma ni dama ban sa rai ba.

A mota, hanyar komawa, fadama ta cika da ruwa hagu da dama, shinkafa ta yi kore shar. Ya ɗora takalmin a cinya yana cire laka daga haƙoran da tsinke, ya goge shi da rigarsa har ya koma kamar sabo. Safar kuwa ya jefar ta taga. Da muka sauka a tasha ya sa na tsaya ina kallo, yana gwada tafiya ba ɗingishi. Sannan ya ce in na gaya wa Baba takalmin ne, ba shi ba ni har abada. Ya ce mutumin da ya sayar da birginsa ba za a ce masa abin da ya sayo ne ya kashe ɗansa a fili ba.

Mun iske Kawu a zaure yana ɗinkin tsohon birgin da ya rage. Muka durƙusa muka gaishe shi. Bai tambayi zaɓe ba, ya gani a fuskarmu.

Ya ce, "Takalmin ya yi?"

Taubashina ya ce, "Ya yi, Baba. Sun hi ni iyawa ne."

Kawu ya ci gaba da ɗinki. Can ya ce, "To. Gobe akwai shiga ruwa."

Mako biyu taubashina yana shiga jirgi da wannan ƙafa, yana ɓoye ta cikin ruwa in Kawu ya juyo. Inna ta gani, ta riƙa ba shi man shafawa a ɓoye. Bai ƙara buga ƙwallo ba. Muka gama makaranta, na dawo Birnin Kebbi na samu ɗan aikin ofis, shi ya tsaya a gulbi da gonar shinkafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Kawu ya yi shekaru bayan haka, kuma duk lokacin da aka yi zancen ƙwallo a zaure yakan ce shi ya yi nasa, ya saya wa yaro abin da ko 'ya'yan ma'aikata ba su da shi, yaro ya je ya ga waɗanda suka fi shi. Ba da faɗa yake faɗi ba, amma a gaban mutane yake faɗi, taubashina yana zaune yana murmushi. Sau da yawa na buɗe baki, sai ya harare ni. Har Kawu ya koma ga Allah bai san ɗansa ne ya fi kowa a filin nan ba. Na riƙe amana ta farko, ta ɓata masa hanya. Na riƙe ta biyu, ta ɓata masa suna wurin ubansa.

Bayan sadakar bakwai na ce ya yafe mini. Ya ce Hedimasta ba ya laifi, sai dai ɗalibai. Ya yi dariya, ya tashi ya bar ni zaune.

Yau abubuwa sun canja. Takalmin gwanjo yana nan tuli a kowace kasuwa, ya riga ya yi laushi a ƙafar wani. Yara suna ɗaukar wasansu a waya, in ba a gan su yau ba a gan su gobe. Amma har yanzu ina ganin iyaye suna saya wa yaro sabon abu su ɓoye sai ranar fita, kuma har yanzu ana samun irina da ake ba makulli.

Saboda haka ga roƙona, abu biyu. Na ɗaya, ka yi wa Kawu addu'a, da ƙauna ya yi. Na biyu, in kana da yaron da za a je a gwada, kuma ka saya masa takalmi, ka tashi yanzu ka ɗauko ka ba shi. Ka bar shi ya shiga laka da shi, ya koɗe, ya yi muni, tun ranar tana da nisa.