Ammu Haruna, wanda ya riƙe hannuna a teku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina sa takalmi zan fita shugul, wato aiki, maiɗakina ta miƙo mini waya. Ammu Haruna na unguwar Utaibiyya, wanda nake kira Ammu, wato baffa, ya rasu.



Haifaffen Makka ne, kakanninsa Sakkwatawa ne da suka zo hajji suka zauna. A garin duwatsu ya tashi, amma a tekun Jidda ya yi suna, wajen gyaran jiragen ruwa masu tafiya da iska. Gwanintarsa ita ce na'urar haidirolik, mai aiki da ƙarfin mai, wadda ke naɗe babban ƙyallen gaba a jikin wayar ƙarfe, kamar ana naɗe tabarma a tsaye.

Ni makanikin kiren ne. Da garejinmu ya rufe, shi ya ja ni aikin. Duk inda muka shiga sai ya ce, "Ga abokin aikina," alhali ko ɗaurin igiya ban iya ba.

Wata rana mun fita gwaji da wani mai jirgi, mu shida. Iska ta taso bagatatan. Mai jirgin ya danna maɓalli don a naɗe ƙyallen, na'ura ta kai rabi ta cije. Ƙyalle na ta bugawa kamar harbin bindiga, jirgi ya karkace, ruwa na taɓa ƙafafunmu.

Mai jirgin na ihu: "Yalla! Ku ƙara mata ƙarfi!"

Wallahi har na ɗora sifana a kan bawul ɗin da ke ƙara wa na'urar ƙarfi. Sai na ji Ammu ya riƙe hannuna.

"Bari, ƙanena. Injin da yat tsaya, magana yaka yi maka."

Ya ɗaga kai sama. Ashe igiyar da ke ɗaga ƙyallen ce ta nannaɗe a can ƙololuwar turken jirgin, dogon ƙarfen da ke tsaye a tsakiya. Ya sa aka juya jirgin ya ba iska baya. Ya mayar da na'urar baya kaɗan, igiya ta warware, ya ja ta ta yi tauri, sannan ya riƙa taɓa maɓallin a hankali. Ƙyallen nan da ya so ya kifar da mu ya naɗe lumui.

Ban taɓa ganin natsuwa irin wannan ba. Subhanallah.

Sai a bakin gaɓa na gane. Wayar da ƙyallen ke naɗuwa a kai ita ke riƙe da turken jirgin. Da na ƙara ƙarfin mai, da ta tsinke, turken ya faɗo mana. Kuma Ammu ne ya rage ƙarfin bawul ɗin da gangan tun farko, don na'ura ta tsaya maimakon ta karya.

Bai taɓa gaya wa kowa abin da na kusa yi ba. Shayi kawai ya saya mini.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a unguwar Shisha ce, gidan 'yarsa, mako biyu da suka wuce. Ya rame, murya ta yi ƙasa. Ya ce, "Shekara talatin ina kallon iska na tura jirgi, har yau ban ga iskar ba. Ya za a yi mutum ya ƙi tasbihi?"

Za a yi masa salla a Harami bayan La'asar.

Allah Ka jiƙan Ammu Haruna, Ka yalwata kabarinsa, Ka suturta shi kamar yadda ya suturta ni. Ka ba iyalansa dangana.

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.