Tabon da Yaya ta bar mini

Jiya jikata ta buɗe robar man miƙar da gashi a tsakar gida. Warin na bugun hancina, sai hawaye. Rubuta yadda na faɗa, 'yar nan, tunda ni ban iya rubutu ba.

Ran da na fita takabar Malam, gashina duk ya kakkarye, mai kitso ta ce babu abin kamawa. Yayata ta taso daga Safo a amalanke, da irin man nan ƙulle a gyale. Daga ni har ita ba mai karatu, balle mu duba minti nawa ake barinsa a kai. Ta lafta mini, ta ce, "Tuwo ma sai ya daɗe a wuta yake nuna."

"Yaya, kaina na ci da wuta!"

"Zauna, raguwa. Haka kike tun kina goye."

Da ta wanke, gashin ya bi ruwa. Muka dubi juna, muka yi ta dariya. Ban yi dariya ba tun rasuwar Malam sai ran nan.

Yanzu ba mai taɓa kan nan sai ni. Tabon ƙunar na bayan kunnena, nakan shafa shi in gida ya yi shiru. Allah Ya sanyaya makwancinki, Yaya, fiye da yadda kika ƙona ni.